Tambarin kamfani da sunan shafin intanet: wa ke da haƙƙi, mai kasuwa ko mai fasaha?

A ƙarshen watan Nuwamba na 1999, wata kotu a birnin Los Anjelas na Amurka ta umarci wata ƙungiyar masu fasaha ta ƙasar Suwizalan, mai suna etoy, da ta daina amfani da adireshinta na intanet, wato etoy.com. Wanda ya kai ƙara shi ne eToys, babban kamfanin sayar da kayan wasan yara ta intanet. Harafi ɗaya tak ya raba sunayen biyu. Abin da ya tayar da ƙura shi ne, masu fasahar sun yi rajistar adireshinsu tun 1995, shi kuwa kamfanin sai a 1997 ya buɗe nasa.

Wannan shari'a ta fito da wata tambaya da har yau ake fama da ita: shin wanda ya yi rajistar tambarin kasuwanci ya mallaki kalmar ke nan a ko'ina, har ya hana mawaƙi, mai zane ko ɗan jarida taɓa ta?

Tushen rikicin

An kafa dokar tambari ne don kare mai saye daga ruɗu, kada ya biya kuɗin kaya na gaske a ba shi jabu. Shi ya sa ake rajistar tambari bisa nau'in kaya da kuma ƙasa. Kamfanoni biyu na iya riƙe suna ɗaya muddin sana'arsu ta bambanta. A Faransa, alal misali, akwai alƙalamin Montblanc, akwai kuma kayan zaƙi na gwangwani mai suna Mont Blanc, kowa na cin kasuwarsa.

A intanet lamarin ya sha bamban. Adireshi ɗaya ne a duk duniya, kuma wanda ya riga zuwa shi ke samu. Kasuwa ce mai rumfa guda ga kowane suna. A shekarun 1990 wasu suka mayar da wannan sana'a: su kama adireshi da sunan babban kamfani, su jira a zo a saya da tsada. Don maganin irin waɗannan ne hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta fito da tsarin sasanta rikici mai suna UDRP a 1999. Sai dai makamin da aka ƙera don ƴan damfara, wasu kamfanoni sun juya shi kan masu suka da masu barkwanci.

Yadda ta kaya tsakanin etoy da eToys

Ƴan ƙungiyar etoy ba sa sayar da kayan wasa. Fasaharsu ita ce kwaikwayon babban kamfani don yi wa duniyar jari-hujja ba'a: suna aske kai ƙwal, su sa riguna iri ɗaya, har su sayar da “hannun jari” a matsayin aikin fasaha. A 1996 sun ci babbar kyautar bikin Ars Electronica na ƙasar Ostiriya. Kamfanin eToys ya ce masu saye na ɓata hanya su faɗa shafinsu, su tarar da kalamai da hotunan da ba su dace da yara ba. Ya yi musu tayin sama da dalar Amurka 500,000, kuɗi da hannun jari, suka ƙi. Daga nan sai kotu.

Bayan an rufe shafin, magoya bayansu suka ƙaddamar da wani gangami a intanet mai suna Toywar, wanda kusan mutum 1,800 suka shiga. Suka cika kamfanin da saƙonni, suka kai maganar ga ƴan jarida da masu zuba jari, daidai lokacin cinikin Kirsimeti. A watan Janairu na 2000 eToys ya janye ƙararsa, ya kuma amince ya biya kuɗin lauyoyin etoy har dalar Amurka 40,000. Kamfanin ya durƙushe a 2001, lokacin da kamfanonin intanet da yawa suka karye. Abin lura shi ne, matsin jama'a ne ya mayar wa masu fasahar shafinsu, alƙali bai kai ga yanke hukuncin ƙarshe ba.

Shari'ar Danone a Faransa

A Faransa kuwa kotu ta yi magana. A 2001 kamfanin Danone ya ba da sanarwar rufe masana'antun biskit na LU a Kale da Ris-Oranjis. Ɗan jarida Olivier Malnuit ya buɗe shafin jeboycottedanone.com, ma'ana “na ƙaurace wa Danone”, ƙungiyar Réseau Voltaire ita ma ta buɗe irinsa. Suka ɗauki tambarin kamfanin suka sauya masa kama. A watan Yuli na 2001 kotun farko ta birnin Paris ta same su da laifin amfani da tambarin. Amma ranar 30 ga Afrilu 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Hujjarta ita ce ƴancin faɗin albarkacin baki na da kariyar tsarin mulki, shafukan ba su tallata wani kaya ba, kuma babu mai karatun da zai ɗauka na Danone ne. An yi shekara biyu kafin a kai ga wannan hukunci, lokacin da zancen rufe masana'antun ya riga ya lafa.

Inda aka ja layi

A ƙarƙashin tsarin UDRP, wanda ya shafi adireshin da ke ƙarewa da .com, .net ko .org, dole mai ƙara ya tabbatar da abu uku a tare: sunan ya yi kama da tambarinsa har ya iya ruɗarwa, mai riƙe da shi ba shi da halattaccen haƙƙi a kai, kuma ya yi rajistarsa yana amfani da shi da mugun nufi. Cibiyar sasantawa ta hukumar OMPI da ke Janiba na cikin manyan masu duba irin waɗannan ƙararraki. Wanda aka kai ƙara na da kwana 20 ya ba da amsa. Ba a cin tara, sai dai a karɓe adireshin ko a soke shi. Suka ko barkwancin da ba na neman riba ba na iya zama kariya, musamman idan adireshin da kansa ya nuna suka ce. Wanda ya ɗauki sunan kamfani tsurarsa, ba ƙari ba ragi, shi ya fi shiga haɗari.

Ga ƴan kasuwa da masu fasaha na Nijar, akwai abu biyu da ya kamata a rarrabe. Rajistar tambari ana yin ta ne ta hukumar OAPI da ke Yawunde, wadda Nijar ke cikin ƙasashenta 17, kuma tana aiki shekara 10 kafin a sabunta. Rajistar adireshin intanet, ko .ne ne ko .com, wani abu ne daban, samun ɗaya ba ya ba da ɗayan. Mai shago a Maradi da ke son kare sunansa sai ya yi duka biyun. Mai zanen barkwanci a Damagaram kuwa, abin da zai tsaya masa a gaban alƙali shi ne ya nuna ba ya sayar da kaya da sunan wani, bai ruɗi kowa ba, ya kuma adana takardar da ke nuna ranar da ya yi rajistar adireshinsa.