Flow: fim ɗin mage da ya ci Oscar da manhajar kyauta

A wayata na kalli Flow, da dare, da abin sauraro a kunne. Minti 85 ne, kuma babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Babu ɗan Adam ma. Wata baƙar mage ce ambaliya ta cinye dajin da take zaune, ta faɗa cikin wani ƙaramin jirgin ruwa, inda ta haɗu da kare, da wani dogon tsuntsu, da lemur mai son tara kayan ƙyalli, da capybara, wata dabbar Kudancin Amurka mai kama da ƙatuwar gafiya wadda ba ta da aiki sai barci. Labarin ke nan. Masu fassara fina-finai zuwa Hausa ba su da abin yi a nan, domin kukan mage ba ya buƙatar tafinta.

A daren 2 ga Maris 2025 wannan fim ya karɓi Oscar na fim ɗin katun mafi kyau. Cikin waɗanda ya kayar akwai Inside Out 2 na Pixar da The Wild Robot na DreamWorks. An kashe wa Inside Out 2 kusan dala miliyan 200. Flow kuwa kusan yuro miliyan uku da rabi aka kashe masa. Shi ne Oscar na farko da ƙasar Latbiya ta taɓa samu, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba. Tun a watan Janairu ya riga ya ɗauki Golden Globe.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, lokacin da daraktan, Gints Zilbalodis, ya hau dandamali yana godiya, har da Blender ya saka a ciki. Blender manhaja ce ta ƙera hotuna masu siffa uku da motsa su, kuma kyauta ce gaba ɗaya: babu kuɗin wata, babu lasisi, kowa na iya buɗe lambobinta ya duba ko ya gyara. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙire ta. Da kamfaninsa ya durƙushe, a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na yuro dubu ɗari aka fanshe ta daga hannun masu zuba jari, aka sake ta ga duniya. Da ita aka yi Flow daga farko har ƙarshe.

Akwai wani zaɓi da Zilbalodis ya yi wanda duk mai haɗa manhaja zai gane. A cikin Blender akwai manyan injinan fitar da hoto guda biyu. Cycles yana lissafin yadda haske ke faɗawa kan abu ya dawo, hoton ya fito kamar na gaske, amma yana cin lokaci da ƙarfin kwamfuta. EEVEE kuwa yana aiki irin na wasannin bidiyo, ya fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi. Shi ya ɗauka. Ya rasa wani abu na kyau, ya samu damar gwada kusurwar kyamara sau da yawa ba tare da zaman jira ba. Shi ya sa kyamarar fim ɗin take bin magen a guje, ta nutse cikin ruwa tare da ita, ta daɗe ba a yanke ba.

Kuma ana ganin abin da ya rasa. Gashin karnukan kamar an shafa shi da burushi, wani lokaci sai ka ɗauka wasan PlayStation na da kake kallo. A ƙaramin allon waya bai dame ni ba. Ruwan kuwa, da yadda magen ke kwantar da kunne idan ta tsorata, ban ga abin kushewa ba. Muryoyin ma na dabbobin gaske ne, in ban da capybara, wanda nasa sautin bai dace ba aka ara masa na ɗan raƙumi.

Na ga mutane na cewa an yi fim ɗin Oscar a kyauta. Ba haka ba ne. Manhajar ce kyauta. Aikin ya ci fiye da shekara biyar, da ma'aikata daga Latbiya da Faransa da Beljiyam, kuma yuro miliyan uku da rabi ba kuɗin goro ba ne. Amma Zilbalodis, haifaffen 1994, bai yi makarantar koyon fim ba. Dogon fim ɗinsa na farko, Away, na 2019, shi kaɗai ya yi shi, har kiɗan. Ni da na koyi rubuta manhaja daga bidiyoyin YouTube da datar dare, na san shekarun da na ɓata ina farautar kwafin sata na manhajoji masu tsada, har ɗaya ya taɓa cika mini kwamfuta da ƙwayar cuta, alhali irin wannan na nan a fili.

Abu ɗaya dai: Blender ba ta waya ba ce, sai kwamfuta mai Windows, Mac ko Linux. Idan taka tsohuwa ce, sauke tsohon zubi daga blender.org, ka fara da EEVEE.