Binciken 'Yan Sanda Ba Bisa Ƙa'ida Ba: Yana Rushe Ƙarar Ƙwaya?

A Amurka, idan ɗan sanda ya binciki gida ba bisa ƙa'ida ba, kotu kan ƙi karɓar ƙwayar da aka samu a matsayin shaida, ƙarar kuma ta rushe. Kotun Ƙolinsu ta ɗora wa jihohi wannan ƙa'ida a 1961.

A Nijeriya ba haka ba ne. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidan kowa. Amma sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi irin wannan shaida, sai in alƙali ya ga illar karɓarta ta fi amfaninta. Dokar hukumar NDLEA ma ta ba jami'ai ikon bincike ba takardar kotu idan suna da ƙwaƙƙwaran zargi.

Don haka wanda aka kama da wiwi a Tsafe ko Bunguɗu, yana iya fuskantar Babbar Kotun Tarayya a Gusau, kuma kuskuren jami'i ba lallai ya cece shi ba.

'Yan uwa ɗalibai, kada ku riƙe wa kowa ƙunshin da ba ku san abin da ke ciki ba. In an zo bincike, ku natsu, ku nemi iyaye da lauya.