Daga Kpakungu zuwa Bida, Gurara da Zungeru: Abin da baƙo zai gani a Jihar Neja da inda zai kwana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen Kpakungu da ke Minna da hantsi ya san irin cunkoson da ake yi a wurin. 'Yan kamasho na kiran fasinjan Bida, masu Keke Napep na kutsawa tsakanin manyan motoci, masu talla kuma na bin tagogi da ruwan leda da gyaɗa. Akasarin mutanen da ke cikin motocin nan wucewa kawai suke yi. Wasu sun nufi Mokwa da Ilorin har zuwa Legas, wasu sun fito daga can za su Abuja ko Kaduna. Kaɗan ne daga cikinsu ke ɗaukar Jihar Neja a matsayin wurin da za a zo takanas domin a gani.

Alhali kuwa jihar, wadda aka ƙirƙira a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ita ce mafi faɗin ƙasa a Najeriya, da murabba'in kilomita sama da 76,000 da ƙananan hukumomi 25. A cikinta akwai ƙasar Nufawa da ta Gwarawa da ta Kambari da Borgu, akwai tsohuwar hedikwatar Arewa, akwai dutsen da ke jikin takardar Naira 100. Girman nan nata shi ne kuma abin da ke wahalar da baƙo: wuraren sun yi nisa da juna, hanyoyin ba duka ke da kyau ba, kuma akwai sassan da rashin tsaro ya hana a shiga. Saboda haka wanda ke son ziyara sai ya fara tsara abu uku tun daga gida, wato hanyar da zai bi, da watan da zai zo, da garin da zai kwana.

Hanyar Bida: ƙasar Nufawa

Daga Kpakungu hanyar Bida ke tashi, kuma a nan ake samun motocin haya masu zuwa can. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 80. Matafiyi zai wuce mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, ya bi ta Garatu da Kataeregi kafin ya shiga Bida, fadar Etsu Nupe, Alhaji Yahaya Abubakar, wanda ke kan karaga tun 2003.

Sarautar Bida tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku na zuriyar Malam Dendo: gidan Usman Zaki, da na Masaba, da na Umaru Majigi. A ƙarni na 19 garin ya kasance cibiyar ƙarfin soja da kasuwanci a kudancin Daular Usmaniyya, har zuwa watan Janairun 1897 lokacin da sojojin kamfanin Royal Niger Company suka ci shi da yaƙi.

Abin da ya fi jan baƙi zuwa Bida a yau shi ne sana'ar hannu. A unguwar Masaga ana narka gilashi a murhun yumɓu da ake hura wa wutar itace, a murɗa shi a jikin ƙarfe, a fitar da duwatsun wuya da awarwaro masu launi iri-iri. A da masu sana'ar kan haɗa gilashinsu da kansu daga yashi da kanwa, yanzu kuwa galibi tsofaffin kwalabe suke narkawa. A tarihin baka na mutanen unguwar, kakanninsu daga Masar suka taso. A Tswata Mukun kuma maƙeran tagulla ne ke ƙera faranti da buta da tasa, suna yi musu zane da guduma da ƙusa. Waɗannan sana'o'i ne suka sa a 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen duniya masu fasaha a fannin sana'ar hannu da al'adun gargajiya.

Da safe ya fi dacewa a je waɗannan unguwanni, lokacin da murhu ke ci kuma rana ba ta take ba. Ya kamata baƙo ya tuna cewa gidajen mutane ne da wuraren neman abincinsu. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma sayi wani abu ko da ƙarami ne, domin kuɗin da aka biya a bakin murhu kai tsaye yake shiga hannun mai sana'a. Wanda ya zo a makon Sallah zai iya dacewa da hawan Bariki, inda mahaya dawaki ke raka Etsu.

Daga Bida, hanyar da ta yi gabas tana bi ta Badeggi, inda Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take a tsakiyar fadamun shinkafa, sannan ta isa Agaie. A wannan ƙaramar hukuma garin Baro yake, a bakin Kogin Kwara. Daga Baro aka fara shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911, kuma a nan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar jiragen ruwa a watan Janairun 2019. Daga saman tudun da ke bayan garin ana hango kogin da faɗinsa. Kafin a ɗau hanyar Baro, musamman da damina, a tambayi direbobin Agaie halin da take ciki.

Hanyar Suleja: Gurara da Dutsen Zuma

Wanda ya bi ta Agaie da Lapai zai ɓullo Lambata, a kan babbar hanyar Minna zuwa Suleja. Wanda kuma ya taso daga Minna zai bi ta Chanchaga da Paiko. Ba nisa da Lambata, kusa da ƙauyen Bonu, akwai kwanar da ke kaiwa magangarar ruwa ta Gurara, inda kogin ke faɗowa daga kan duwatsu masu tsawon kimanin mita 30, a faɗin da ya kai kusan mita 200.

Gurara kamanni biyu gare ta. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwan kan cika ya yi jawur, ƙararsa na kaiwa nesa, feshinsa na jiƙa wanda ke tsaye a gefe. A wannan lokaci kallo kawai ake yi daga nesa, domin duwatsun na da santsi, ruwan kuma na da ƙarfin ja. Daga Janairu zuwa Maris kuwa ruwan kan ragu ya yi garau, duwatsu su fito fili, iyalai su samu wurin shimfiɗa tabarma. Ko a lokacin ma, wanda bai san zurfin wuri ba kada ya shiga, kuma kada a saki hannun yara.

Idan aka ci gaba zuwa Suleja, aka nufi Madalla, sai Dutsen Zuma ya tare ido. Dunƙulallen dutse ne guda, wanda ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi. A jikinsa akwai wani tabo da ke kama da fuskar mutum, da idanu da hanci da baki. Mutane da yawa na zaton dutsen na Abuja ne, amma a Jihar Neja yake.

Ita kanta Suleja tana da tarihin da ya shafi kowane Bahaushe. Sarakunan Haɓe na Zazzau da suka baro Zariya a zamanin jihadi su ne suka kafa garin a 1828 a ƙarƙashin Abu Ja, kuma daga sunansa aka samo Abuja. Da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe ana kiran sarkin garin Sarkin Zazzau Suleja. A nan ne kuma Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Hotonta ne ke bayan takardar Naira 20.

Hanyar Zungeru: tsohuwar hedikwatar Arewa

Hanya ta uku tana fita daga Minna ta Bosso da Maikunkele, inda filin jirgin sama yake, ta kai Zungeru bayan tafiyar kimanin kilomita 60. Garin yana bakin Kogin Kaduna. Lugard ya mayar da shi hedikwatar mulkin Arewa a 1902, ya kuma ci gaba da zama haka har aka koma Kaduna a 1917. A Zungeru aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, da Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a 1933.

Baƙo kada ya sa rai da ganin gidan tarihi mai shinge da kwandishan. Abin da ya rage shi ne kufan gine-ginen Turawa, da maƙabartarsu, da tashar jirgin ƙasa. Ƙaramar gadar ƙarfe da aka kafa a garin a 1904 ma an ɗauke ta a 1954 zuwa Kaduna, inda take a lambun Gamji. Sai an samu ɗan gari ya yi jagora kafin a gane wane kango ne na ofis, wane ne na gida. Kusa da garin akwai sabuwar madatsar ruwa mai ƙarfin megawat 700, wadda ta zama ta huɗu bayan Kainji da Jebba da Shiroro. Ziyarar Zungeru ta yini guda ce: a fita da safe, a dawo Minna kafin la'asar sakaliya.

Wuraren da ya kamata a dakata

Littattafan yawon buɗe ido sukan sa Gandun Dajin Tafkin Kainji a sahun gaba, kuma da hujja. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000 a sassa biyu, Borgu da Zugurma, kuma a ƙarƙashin tafkin da madatsar 1968 ta haifar tsohon garin Bussa yake, inda Mungo Park ya rasu a 1806. Sai dai 'yan bindiga sun samu mafaka a dajin a 'yan shekarun nan. Haka ma ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi da Mariga sun sha fama da hare-hare. A Rafi ne aka sace ɗaliban kwalejin Kagara a Fabrairun 2021, da na wata Islamiyya a Tegina a watan Mayun shekarar. Wanda ba larura ce ta kai shi ba, ya jinkirta zuwa waɗannan wurare har hukumomin tsaro da mutanen yankin su tabbatar masa hanya ta buɗe.

Ruwa ma na buƙatar taka-tsantsan. Haɗarin jiragen kwale-kwale ya ci rayuka masu yawa a kogunan Kwara da Kaduna, galibi saboda lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. Kada a shiga jirgi ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba. Ambaliyar da ta afka wa Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, wadda ta hallaka mutum fiye da 150, ta nuna yadda damina ke iya yanke hanya cikin dare ɗaya.

Inda za a kwana

Garuruwa uku ne suka fi dacewa baƙo ya yada zango: Minna, Bida da Suleja. Daga cikinsu ake fita da safe a dawo kafin magariba.

Minna ta fi yawan masaukai, daga manyan otal-otal irin su Hydro da Doko da Haske zuwa ƙananan gidajen baƙi a Tunga da Bosso da Chanchaga. Wanda zai kama motar Bida da asuba zai iya neman ɗaki a kusa da Kpakungu, amma ya sani unguwa ce mai cunkoso da hayaniya, mai iyali zai fi samun natsuwa a Tunga ko GRA. A Bida masaukan ba su kai na Minna yawa ba, kuma sukan cika a makon Sallah da lokacin bukukuwan fada, don haka a kama ɗaki tun da wuri. Suleja ita ce ta fi kusa da Gurara da Zuma, ɗakunanta kuma sukan fi na Abuja sauƙin kuɗi. Akwai ma wurin shaƙatawa mai masauki a gindin Dutsen Zuma. A Gurara da Baro da Zungeru kuwa, gara a ɗauke su wuraren yini.

Kafin a biya kuɗin ɗaki, akwai tambayoyin da ke raba mutum da da-na-sani. Ta farko ita ce ta wuta: duk da madatsun ruwa huɗu, ana ɗauke lantarki a jihar kamar ko'ina, don haka a tambayi ƙarfe nawa ake kunna janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, ko kuma akwai sola. Wannan ya fi muhimmanci a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Minna da Bida ke hana barci. Ta biyu ita ce ta ruwa: a buɗe famfo a gani da ido. Ta uku ta sauro ce, domin ƙasar fadama ce, wanda ya zo da gidan sauronsa bai yi asara ba. A duba ƙofa da makulli da wurin ajiye mota, a riƙe katin shaida domin rajista, a kuma karɓi rasit.

Wanda ke da ɗan uwa ko aboki a waɗannan garuruwa, sauka wurinsa na da fa'idar da otal ba ya bayarwa. Mai masauki ne zai san wace hanya ce ta lalace a makon nan, wane direba ne amintacce, wane dattijo za a fara gaisarwa kafin a shiga unguwa. Matambayi ba ya ɓata.

Kwana uku sun isa a yi zagayen farko: yini ɗaya a Zungeru a kwana Minna, yini na biyu a Bida a kwana can, na uku a bi ta Lapai da Lambata zuwa Gurara, a ƙarasa Suleja kafin rana ta faɗi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanyoyi sun bushe, iska ta yi sanyi, kuma wannan ne lokacin da ya fi sauƙi ga mai tafiya da iyali.