Samari da ƴan mata: awa nawa suke kwana?

Ƙarfe 11 na dare ta wuce. Gari ya yi tsit, magidanta sun shiga ɗaki. Amma a bakin hanya, gindin dogon yaro, samari sun kewaye gawayi, butar shayi tana tafasa. An sha na fari, ana jiran na biyu, ga na uku yana tafe. Kowa da salula a hannu. Ba a watsewa sai ƙarfe 1. Ƙarfe 5 ladan ya kira salla, uba ya buga ƙyaure. Daga masallaci sai gona, ko kiwo, ko lakwal.

Haka dare yake tafiya a garuruwa da yawa, daga Damagaram har Tawa. Yaron da ya kwanta ƙarfe 1 ya tashi ƙarfe 5, awa 4 ya samu. Likitoci masana barci na Amurka sun fitar da ƙa'ida a 2016: mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowace rana. Babban mutum awa 7 na iya isarsa. Ke nan saurayi ya fi ubansa bukatar barci. Wanda yake samun awa 4 kullum, a mako guda ya rasa awa 28.

Ba lalaci ba ne kullum

Iyaye suna cewa yaran yanzu ba su son kwanciya da wuri, ba su son tashi da wuri. Gaskiya ne, amma akwai dalili cikin jiki. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin. Shi ke gaya wa jiki dare ya yi. In yaro ya fara balaga, sinadarin yana jinkirin fitowa, har wajen awa 2. Ƙanensa ɗan shekara 8 ya ɓingire bayan isha, shi kuwa idonsa biyu. Da asuba kuma jikinsa yana ganin dare bai ƙare ba. Bulala ba ta gyara wannan.

Haske yana ƙara jinkirin. A da, wasan dandali yana bin wata. In farin wata ne, ƴan mata su yi gaɗa, samari su yi kokawa da langa har dare ya raba. In duhun wata ne, kowa ya kwanta da wuri, jiki ya rama. Yanzu ga tocila, ga fitilar sola, ga salula, kowane dare farin wata ne. Salula ta fi su duka, don haskenta cikin ido yake, kuma bidiyo ba ya ƙarewa: wannan na wucewa wani na shigowa.

Shayin fada

Fada ta yawaita a Nijar tun shekarun 1990. Ba abin zargi ba ce. Nan samari suke shawara, nan suke jin labarin aiki, wasu fadodin ma su ke gadin unguwa. Matsalar tana cikin buta. Ganyen shayi yana da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin goro da Nescafé. Kafeyin ba ya fita jiki da sauri. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan cikin jini. Wanda ya sha na fari mai ɗaci ƙarfe 10, rabin ƙarfinsa yana tare da shi ƙarfe 3 na dare. Ko barcin ya zo, sama-sama ne.

Tsoho mai cin goro da dare zai ce shi ba ya hana shi komai. To, shi ya gama girma.

Abin da ake asara

Jiki yana sakin mafi yawan sinadarin girma cikin barci mai nauyi, a farkon dare. Lokacin ne nama da ƙashi suke gyaruwa bayan wahalar hauya. Lokacin barci ne kuma ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, ko allo ne ko karatun lakwal. Ɗalibin da ya raba dare yana bita don jarrabawar BEPC kamar mai zuba hatsi ne cikin rumbun da ba a rufe gindinsa ba. Gara ya karanta awa 2 ya kwanta.

Rashin barci yana kawo saurin fushi. Yaro ya yi wa uwa tsawa kan abin da bai kai ba, a ce ya lalace. Yana kawo mantuwa da gyangyaɗi a aji, mushe ya ce ba ya da kai. In ya daɗe, yana jawo baƙin ciki marar dalili.

Mafi muni yana kan hanya. A 1997 masu bincike a ƙasar Ostareliya sun gwada mutanen da suka yi awa 17 ba su runtsa ba. Sun tarar idonsu da hannunsu sun yi nauyi kamar na wanda ya ɗan sha giya. Wanda ya tashi ƙarfe 5 na asuba, ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17. Yaran da ke kabu-kabu a Maradi da Damagaram, da yawa suna kan moto a wannan lokaci, da fasinja a baya. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Runtsawa ɗaya ta isa moto ya bar hanya.

Wasu suna neman tsari wurin tramol, wai don kada su gaji. Ƙwayar tana rufe gajiya, ba ta biyan barci. Tana kama mutum ya kasa bari, kuma tana iya kayar da shi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

Ƴan mata ba su zuwa fada

Su nasu rashin barcin aiki ne. Yarinya ta dawo talla ƙarfe 10, ta wanke kwanoni. Kafin asuba tana bakin turmi, daga nan rijiya, sannan lakwal in tana zuwa. Ba ta ƙorafi, shi ya sa ba a lura. Uwa tana iya ƙirgawa da yatsu: yaushe ɗiyata ta kwanta, yaushe ta tashi? In bai kai 8 ba, a rage tallar dare, ko a yi surfe tun da marece. Haka ɗan makiyayi mai fita kiwon dare: a riƙa karɓa-karɓa tsakanin ƴan uwa, wanda ya kwana daji a bar shi ya rama da rana.

Dabarun da ba su cin ko dala

Tunda lokacin tashi ba ya canzawa, lokacin kwanciya za a jawo. Mai tashi ƙarfe 5 ya kamata ya kwanta wajen ƙarfe 9. Ba a yinsa dare ɗaya. A riƙa jawowa da minti 15, bayan kwana biyu ko uku a ƙara. Hasken rana da sassafe yana taimako, yana mayar da agogon jiki baya.

Fada ta ɗora buta bayan azahar. In an zauna da dare, a yi hira da ruwa ko kunu. Salula kuwa, a kai wa mai caji da magariba a karɓo da safe, ta kwana can.

Ɗan barci bayan azahar yana da amfani, minti 20 zuwa 30. Bayan la'asar kada a yi, yana cinye na dare. Da azumi, da ake tashi sahur, wannan barcin rana ya fi zama dole.

A watan 4 da watan 5 zafi yana wuce digiri 40, ɗakin kwano ba ya kwantuwa. A yayyafa ruwa a tsakar gida da marece, a yi shimfiɗa waje, a ɗaura gidan sauro. Da damina gidan sauro aiki biyu yake: yana tsare masassara, yana hana kukan sauro a kunne. Sau da yawa ana ba mai ciki da ƙananan yara, a manta da samari. In akwai hali, su ma a ɗaura musu.

Yaron da yake samun awa 8 amma kullum a gajiye yake, ko mai minshari da ƙarfi har numfashi yana tsayawa, ko wanda ya yi makonni barci ya ƙi zuwa, a kai shi likita. Ƙarancin jini, masassara da tsargiya duk suna kawo kasala, kuma ana gane su da awo. Kada a saya masa ƙwayar barci wurin masu talla a kasuwa.