Daji na ƙarshe da mutum guda mai ban ruwa

A shekarar 1972, lokacin da fari ke cin ƙasashen Sahel, aka fito da wani fim a gidajen sinima na Amurka. Sunansa Silent Running, wato tafiya a shiru. Wanda ya shirya shi wani mutum ne mai suna Daglas Tarambul. Labarin ƙagagge ne, ba a taɓa yin sa ba. Amma yana magana a kan abin da kowane manomi da makiyayi ya sani: itace, ciyawa, ruwa da rana.

Duniya ba itace

Labarin ya nuna wani zamani mai zuwa. A zamanin nan babu sauran itace ko guda a bayan ƙasa. Babu daji, babu kurmi, babu ciyawa. Mutane suna cin abincin da masana'anta ke haɗawa.

Ɗan abin da ya rage na tsirrai, sai aka kwashe shi aka zuba cikin manyan jiragen da ke tafiya a sararin samaniya, can kusa da tauraron Zuhal. Kowane jirgi yana ɗauke da manyan rumfuna na gilashi, kamar ƙwarya a kife. Cikin kowace rumfa akwai ƙasa, da ruwa, da itatuwa, da zomaye, da tsuntsaye. An ce za a ajiye su har ranar da za a maida su duniya, kamar yadda manomi ke ɓoye iri cikin rumbu.

A ɗaya daga cikin jiragen akwai rumfa 6 da ma'aikata 4. Uku daga cikinsu sun gaji, gida kawai suke so. Na huɗun, Firiman Lowel, shi ne mai kula da itatuwan. Yana shuka, yana ban ruwa, yana cin abin da ya noma da hannunsa. Sauran suna yi masa dariya.

Umarni daga sama

Wata rana sai saƙo ya zo ta rediyo. An ce a fasa rumfunan duka da bam, a maida jiragen aikin dakon kayan kasuwa. Ba a faɗi wani dalili ba. Abokan Lowel suka yi murna, suka soma aiki. Rumfa ta ɗaya ta tashi, ta biyu ta tashi, har huɗu.

Nan fa hankalin Lowel ya tashi. Ya tare ƙofar rumfar da ya fi so. Faɗa ya kaure, ya kashe mutum guda, shi kuma ya ji rauni a ƙafa. Sauran biyun suna cikin ɗaya rumfar, ya sake ta, ya fasa ta da su a ciki. Sannan ya yi wa shugabanninsa ƙarya cewa jirgin ya lalace, ya gudu da daji na ƙarshe.

Abokan ƙarfe

Ba wanda ya rage masa sai wasu ƙananan injuna 3 masu tafiya da ƙafa biyu, masu aiki kamar mutane. Ya sa musu suna Hiwi, Diwi da Luwi. Luwi ya salwanta a hanya. Kafin nan injunan sun yi masa aikin ƙafarsa. Ya koya musu dashen itace, har da wasan karta don rage kewa.

Amma inji ba ya maye gurbin ɗan Adam. Lowel ya shiga damuwa. Yana tuna mutanen da ya kashe, ba ya samun sukuni.

Sai kuma dajin ya soma mutuwa. Ganye na bushewa yana zuba. Ya duba ƙasa, ya duba ruwa, bai gane ba. Daga baya ya fahimci cewa rana ce ta yi ƙaranci. Wannan gaskiya ne ko a wajen sinima: nisan Zuhal daga rana ya kusa ninka nisan duniya sau 10, hasken da ke isa can kuwa bai wuce kashi 1 cikin 90 na wanda ke isa duniya ba. Sai ya kafa fitilun lantarki ko'ina cikin rumfar.

A lokacin wani jirgi ya gano inda yake, yana tafe don ya cece shi. Lowel ya san in suka iso za su fasa rumfar, kuma asirinsa zai tonu. Ya danƙa wa Diwi amanar dajin, ya saki rumfar ta tafi ita kaɗai. Shi kuma ya fasa jirgin da kansa a ciki. Hoton ƙarshe shi ne Diwi riƙe da tsohuwar butar ban ruwa, yana bin tsirrai ɗaya bayan ɗaya.

Yadda aka yi fim ɗin

Ba a kashe kuɗi masu yawa ba, wajen dala miliyan 1 ne. An ɗauki hotunan cikin wani tsohon jirgin ruwa na yaƙi da sojan Amurka suka daina aiki da shi. Burus Dan ne ya fito a matsayin Lowel, Jowan Bayez ta yi waƙoƙin. Injunan nan kuwa mutane 4 ne marasa ƙafafu suka shiga cikinsu, suna tafiya da hannuwansu. Shi ya sa mai kallo ke jin tausayinsu. Tarambul ya rasu a 2022, amma har yanzu ana kallon aikinsa.

Abin lura

Mutanen Nijar sun san abin da ake kira itace na ƙarshe. A cikin Tenere akwai wani itacen ƙaya da ya tsaya shi kaɗai, ba wani kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa. A 1973, shekara guda bayan fitowar fim ɗin, wata babbar mota ta buge shi. Aka kawo gangar jikinsa gidan kayan tarihi na Yamai. A gurbinsa aka kafa itacen ƙarfe, wanda ba ya ba da inuwa, ba ya ba raƙumi ganye.

Lowel ya yi daidai da ya ce itace ya fi ribar kasuwa. Amma ya yi babban kuskure. Ya zubar da jini, kuma dajin da ya ceta ya tafi inda ba mai zama inuwarsa. Daji ba mutane, mutane ba daji, kowa ya yi asara.

Manoman Maradi da Damagaram sun bi wata hanya dabam. Daga 1983 aka soma yaɗa sassaben zamani a jihar Maradi. Manomi ba ya tumɓuke kututturen da ke tohowa a gonarsa. Yana zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi, ya sare sauran, ya kare su daga awaki da gatari. Bayan shekaru, masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba jirgi, ba gilashi, sai wuƙa da haƙuri.

Gawo shaida ne. Da damina yana zubar da ganye, ya bar hatsi ya sha rana. Da rani yana ba da inuwa, dabbobi su ci ƴaƴansa, su bar taki a gindinsa. Manomi ya samu, makiyayi ya samu.

Kowace ranar 3 ga Agusta ana dashen itace a Nijar. Dashe na kwana guda ne, ban ruwa da tsaro su ne aikin shekara. A cikin fim an bar wa inji butar ban ruwa don babu mutum. A ƙauye kuwa akwai mutane. Kowa ya ɗauki tasa butar tun itace bai zama labari ba.