Neman Gurbin Jami'a: Me Ya Sa Ba A Faɗa Wa Ɗan Gafasa Dalilin Ƙin Ɗaukarsa?

A ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas. Ya cancanci yabon da aka yi masa. Sai dai kuskuren ya fito fili ne saboda iyaye sun yi ca a kafafen sada zumunta, wasu har da barazanar zuwa kotu. Wanda ya fi damuna shi ne ɗalibin da ba mai yin ca dominsa: yaron da ya gama sakandare a Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi, ya sami maki mai kyau, ya zaɓi Jami'ar Bayero ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, aka tantance shi, ya yi ta leƙa CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, har aka fara karatu, bai ga komai ba sai cewa ba a ɗauke shi ba. A ganina an bar shi cikin duhu ne don an saba, domin bayanin yana nan a hannu.

Tun da aka kawo CAPS a 2017, duk gurbin da jami'a za ta bayar sai ya bi ta na'ura, kuma dalilan da ke kayar da ɗalibi ba su da yawa. Ko dai bai ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafinsa ba, ko ba shi da kiredit a Turanci ko lissafi, ko darussan da ya rubuta a JAMB ba su dace da kwas ɗin da ya nema ba, ko shekarunsa ba su kai 16 ba, ko kuwa makinsa bai kai na sashen ba. Maki 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 ƙofar shiga takara ce kawai. Likitanci da aikin lauya da aikin jinya kowanne da nasa mizanin, wanda yake can sama. Sannan jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayensu, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Jami'in da ya jera sunaye ya san a wane mataki kowane ɗalibi ya faɗi. Na'urar ma ta sani. Ɗalibin kaɗai aka hana wa sani.

Wannan shirun bai cutar da kowa daidai ba. Ɗan birni yana da yaya a jami'a ko maƙwabci malami da zai leƙa masa, ya ce da shi ya canza kwas kafin a rufe. Ɗan Gafasa kuwa abin dogaronsa shi ne wanda ya cike masa fom a cibiyar rajista, sai ya hau mota ya same shi, kuma shi ma bai san abin da ya faru ba. Da yawa daga dalilan nan ana iya gyara su cikin yini guda, amma wanda bai san ciwonsa ba sai ya sake sayen fom baɗi, ya maimaita kuskuren bara. Uban da ya sayar da hatsi ya biya kuɗin rajista sau biyu da wuya ya biya na uku, in 'ya mace ce ma jira ɗaya ya isa a rufe maganar karatun. Mafi muni, inda babu bayani zato ke cike gurbin: gari duka sai ya yarda cewa sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka. Daga nan kasuwar masu cewa “kawo kaza in samo maka” ta buɗe, ƙannen ɗalibin kuma su daina ganin amfanin dagewa.

Masu kare jami'o'i za su ce masu nema sun ninka gurabe, ma'aikata kaɗan ne, kuma JAMB tana da shafin shigar da koke kyauta. Gaskiya ne, amma ba wanda ya nemi a rubuta wa kowa wasiƙa. Layi ɗaya ya isa: ga makinka, ga makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a sashenka, ga abin da ya rage maka. Shafin koke kuwa yana amfanar wanda ya riga ya san an ƙware shi ne. A Faransa, ƙarƙashin tsarin Parcoursup da aka fara a 2018, wanda aka ƙi yana da wata guda ya nemi dalili, kuma doka ta wajabta a ba shi. Tsoron kada a kai ƙara ma hujja ce a kan masu yinsa, don jerin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya gudun ido.

Kafin JAMB ta saka wannan layi a CAPS, shugabannin sakandaren ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi su tara ɗalibansu da ba a ɗauka ba, su duba shafin kowa, su taimaka musu rubuta takardar neman bayani ga magatakardan jami'a. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana 7 ta amsa. 'Yan majalisarmu na wannan yanki kuma, maimakon roƙar wa mutum biyar gurbi kowace shekara, su nemi jami'o'i su riƙa wallafa makin kowane sashe.