Yaron da ba shi da takarda, ina gurbinsa a lakwal?

A kowace shekara, in watan Oktoba ya kama aka buɗe makarantun boko, daraktocin lakwal na ƙauyukan Isawane da sauran karkarar Mayahi da Tasawa sukan yi karo da matsala iri guda: ga yaro ya isa shiga aji na fari, ga uwayensa sun yarda, amma babu takardar da ke nuna ranar da aka haife shi ko wurin da aka haife shi. Wasu a ɗaka aka haife su nan cikin ƙauye, ba a kai sanarwa ba. Wasu a Kano ko Legas ko Tamanrasset suka zo duniya, sa'ad da uwayensu ke ci-rani. Wasu kuwa baƙi ne, waɗanda tashin hankali ya koro daga Nijeriya. Shin a rubuta sunan irin wannan yaro, ko a ce ya koma gida sai ya zo da takarda?

Abin da doka ta ce

Dokar da ta tsara sha'anin ilimi a Nijar, wato doka mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga watan Yuni 1998, ta ɗora wa gwamnati nauyin ilimin yara daga shekara 4 zuwa 18. Kafin nan, a shekara ta 1990, ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 game da haƙƙin yara. Aya ta 7 ta wannan yarjejeniya ta ce a yi wa kowane jariri rajista da zarar an haife shi, aya ta 28 kuma ta ce karatun firamare tilas ne, kyauta ne, ga kowane yaro. Ba ta ce sai ɗan ƙasa ba, ba ta ce sai mai takarda ba. Game da ƴan gudun hijira kuwa, yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta wajabta a yi wa ƴaƴansu abin da ake yi wa ƴan ƙasa a fannin karatun firamare, kuma Nijar na da tata doka kan matsayinsu, mai lamba 97-016 ta watan Yuni 1997.

Ke nan, bisa doka, ƙofar aji a buɗe take. A aikace ma, galibin malaman karkara ba su korar yaro don rashin takarda. Tun zamanin Turawa akwai dabarar da kowa ya sani: a dubi haƙoran yaro, ko a ce ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa, in ya kamo, to ya isa. Ma'aikata da yawa da ke karanta wannan shafi sun san abin da ke rubuce cikin takardun magabatansu, ko ma nasu: an haife shi wajejen shekara kaza. Babu rana, babu wata.

To amma matsalar gaba take fitowa. Yaro ya yi shekara shida yana karatu, daga CI har CM2, ya wuce kwaleji, ranar da za a haɗa takardun jarrabawar BEPC sai a nemi takardar haihuwa. In babu ita, babu jarrabawa. Haka in ya girma: ba katin ɗan ƙasa, ba takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ba fasfo, ba shiga gasar ɗaukar ma'aikata. Wahalar uwaye da ta malamai ta tafi a banza.

Ina ake samun takardar?

Binciken ƙidaya da lafiya da aka yi a Nijar a 2006 ya nuna kashi 32 cikin 100 ne kaɗai na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. A binciken 2012 adadin ya kai kashi 64. An ci gaba sosai, amma lissafin na nufin a wancan lokaci yaro ɗaya cikin uku ba a san da zamansa ba a littafin hukuma, kuma karkara ta fi birni wannan rashi. Waɗannan yara su ne yanzu suka kai shekarun kwaleji.

Doka mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga watan Yuli 2019 ta kawo sauƙi. Ta ba uwaye wa'adin kwana 60 su kai sanarwar haihuwa, kuma sanarwar kyauta ce. Ana iya yin ta a likita, ko a wuraren karɓar sanarwa na ƙauyuka, daga nan a kai ma'aikatar magajin gari, inda ake fidda takardar kanta. Ga mutanen Isawane, ba sai sun je Mayahi ba, tun da garinsu mazaunin ƙaramar hukuma ne.

In wa'adi ya wuce, sai hukuncin alƙali, wanda ke maye gurbin sanarwar. Nan ne talaka ke karaya: kuɗin mota zuwa kotu, neman shaidu, asarar ranar kasuwa ko ta gona. Shi ya sa ake shirya zaman shari'a na tafi-da-gidanka, inda alƙali da ma'aikatansa ke zuwa har ƙauye ko filin lakwal, su saurari shaidu, su yanke hukunci ga yara masu yawa a rana guda. Sai dai irin wannan zama ya dogara ga samun kuɗi, sau da yawa daga masu hannu da shuni na waje kamar UNICEF da HCR.

Wanda aka haifa a ƙetare kuwa, tasa ta fi wuya. Tun daga watan Disamba 2014 Aljeriya ke maido da ƴan Nijar cikin jerin motoci ta Asamaka, cikinsu har da mata da ƙananan yara. Jaririn da aka haifa can, uwarsa na ɓoyon ƴan sanda, wa zai kai sanarwarsa ofishin jakadanci?

Baƙin da suka zo daga kudu

Daga shekara ta 2019, hare-haren ƴan bindiga a jahohin Sakkwato, Zamfara da Katsina sun sa dubban mutane tsallako iyaka zuwa gundumar Gidan Rumji. A watan Satumba na wannan shekara, hukumar HCR ta ce sun zarce 40.000, mafi yawansu mata da yara. Maimakon a gina musu sansani a keɓe, sai aka zaunar da wani ɓangarensu kusa da ƙauyukan Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka, da nufin baƙo da ɗan gari su sha rijiya guda, su je likita guda, ƴaƴansu su zauna aji guda.

Wannan tsari ya yi daidai da halin wurin. Gobirawa da Katsinawan ɓangarorin biyu dangi ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ta haɗa su tun kafin Ingila da Faransa su ja layi. Amma lakwal ta raba su: can da Ingilishi ake karatu, nan da Faransanci. Yaron da ya kai aji huɗu a Sabon Birni, in ya zo nan sai ya koma baya. A nan ne Hausa za ta yi amfani. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Ajin da aka fara da Hausa ba ya bambanta ɗan Isawane da ɗan Isa.

Akwai masu cewa: mu ma ƴaƴanmu ba su sami wurin zama ba, ta yaya za a ƙara da na wasu? Maganarsu ba ta rasa tushe ba. Azuzuwan zana sun cika jahar, kuma ba mu manta da gobarar watan Nuwamba 2021 a birnin Maraɗi ba, wadda ta ci rayukan ƴan makaranta fiye da 20 cikin irin waɗannan rumfuna. Amma maganin ƙarancin aji shi ne gina aji. Yaron da aka hana karatu ba ya ɓacewa: tasha zai koma, ko bara, ko ya faɗa hannun waɗanda suka koro uwayensa.

Darasi daga ƙetaren teku

Abin da ya faru ga zuriyar ƴan Haiti a maƙwabciyarsu Jamhuriyar Dominikan ya isa ishara. Ƴan Haiti sun shekara da shekaru suna zuwa can yankan rake, suka hayayyafa. A 1997 hukuma ta hana wasu ƴan mata biyu da aka haifa a ƙasar, Dilcia Yean da Violeta Bosico, takardar haihuwa. Saboda haka aka hana Violeta ci gaba da karatun rana, sai makarantar dare ta manya. A watan Satumba 2005 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ce ƙasar ta yi laifi. Duk da haka, a watan Satumba 2013 kotun tsarin mulki ta Dominikan ta yanke cewa ƴaƴan baƙi marasa izinin zama, waɗanda aka haifa tun daga 1929, ba ƴan ƙasa ba ne. Dubun dubatar mutane suka wayi gari ba su da ƙasa, kuma dokar gyara da aka yi a 2014 ba ta share hawayen kowa da kowa ba.

A Amurka an bi wata hanya. Jahar Texas ta yi doka a 1975 don hana kuɗin makaranta ga ƴaƴan baƙi marasa takarda, amma a 1982 kotun ƙoli ta soke ta, bisa hujjar cewa ba a hukunta yaro kan abin da uwayensa suka aikata.

Abin da ya rage gare mu

Rigakafi ya fi magani. Limamin da ke raɗa suna ran bakwai, da mai gari, da ungozoma, in suka riƙa tambayar ko an kai sanarwa, an rage rabin aiki, domin daga suna zuwa cikar wa'adi akwai sauran fiye da kwana 50. Daraktan lakwal ya rubuta kowane yaro, sa'an nan tun aji na fari ya ware sunayen marasa takarda ya miƙa wa sufeto da ma'aikatar magajin gari, kada a jira shekarar jarrabawa. Kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumomi tun 2024 su sa kuɗin zaman tafi-da-gidanka cikin kasafinsu. Ma'aikacin da ya riƙe takardar talaka cikin aljihun teburi yana jiran na goro, ya tuna makomar yaro ce ya riƙe.

Ku kuma alhazai ƴan kasuwa, masu gina masallatai da haƙa rijiyoyi, ɗaukar nauyin zuwan alƙali ƙauyenku na rana guda shi ma sadaka ce mai gudana. Ku fara da yaran shagonku da almajiran gidanku: ku tambaye su ko suna da takarda. Allah shi sa mu dace.